Godiya ga masu aikin gilashi mai launi na birnin York

Zuwa ga ma'aikatan ƙaramin shagon nan na York, musamman dattijuwar da ke zana agogon rana, wato mai nuna lokaci da inuwa, a jikin taga.

Na zo muku gwiwa a sanyaye. Burina in sa agogon rana a tagar falona saboda tunawa da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda inuwar katanga kawai yake duba ya ce Azahar ta yi. Kafin in same ku na sha wuya. Wani ya karɓi kafin alƙalami ya yi ɓatan dabo. Wani kuma ya turo min hoton wanda ya riga ya haɗa, wai kowace taga zai hau. Ko tambayar ina tagar take kallo bai yi ba!

Ke kuwa, ranki ya daɗe, cewa kika yi ba ki zana ko layi ɗaya sai kin ga bangon. Kika zo har gida, kika ƙi yarda da kamfas ɗin waya saboda ƙarafan gini suna ruɗa shi. Sai kika rataya zare mai nauyi a baki, kika zauna jiran inuwarsa, da haka kika gano bangon ya ɗan karkata yamma, don haka layukan safe da na yamma ba za su zo daidai ba. Kin nuna min dalilin da ya sa tsinken ƙarfen da ke waje, mai jefa inuwa a kan layukan, zai bi saitin tauraron arewa. Kin kuma gaya min gaskiya tun kafin in biya: lokacin rana yana saɓa wa agogon hannu, a farkon Nuwamba har kusan minti 16.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne maganar ƙuda. Masu wannan sana'a a Ingila a ƙarni na 17, zamanin su Henry Gyles na nan York da John Oliver na Landan, sukan zana ƙuda a gilashin, jiki a fuska ɗaya, fukafukai a ɗaya, har mutum ya kai hannu zai kore shi. Na ce ba na son hoton mai rai a inda nake salla. Ba ki ɓata rai ba, ba ki yi min lacca ba. Kika nemi in kawo adon garinmu, na kawo dagi daga jikin babbar rigata, kika fitar da shi da shuɗi da ruwan ƙwai.

Yanka gilashi, gashi da haɗi da dalma duk sun tafi yadda muka yi alkawari.

Wallahi abin takaici ne a ce cika alkawari ya koma abin mamaki. Nan Turai a haɗa ka da na'ura tana ta maimaita maka magana ɗaya, can gida kuma kullum "gobe ka dawo", kuɗinka a hannun mutum amma kai ne mai lallashi. Duk wanda ya tambaye ni aikin taga, ƙofarku zan nuna masa. Allah ya ƙara kasuwa.

Naku,
wani Bakano mazaunin Yorkshire