Amsa ga Alhajin da ke son cike tafki da tarkacen kwal

Assalamu alaikum Alhaji,

A filin rediyo ka tambaye ni: tunda manyan motoci kan dawo daga Agadas ba kaya, me zai hana a ɗauko tarkacen da mahaƙar kwal ta SONICHAR ke zubarwa a Anu Araren da ke yankin Agadas, a cike tsoffin tafkunan Damagaram a yi gini? Don Allah kada ka ɗora gida a kansa. Hanya ko filin ajiye motoci yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa.

Abin da ake yayewa daga saman kwal galibi dutsen yashi ne da dutsen laka mai ɓawo-ɓawo, da ragowar kwal a ciki. Da rani sai guduma ke fasa shi. Ka jefa guda na lakar a bokitin ruwa, ka shanya, ka sake jefawa. Kafin ka maimaita da yawa zai fara marmashewa. In tifa ta juye shi ba daɓe, duwatsun kan tsinin junansu suke tsaye, tsakaninsu duk rami. Ruwan farko da ya ratsa sai tsinin ya yi laushi, cikon ya zauna lokaci guda. Ciko mai zurfin mita 3 in ya sauka kashi 2 cikin 100, santimita 6 ke nan, kuma tsakiyar tafki ta fi bakinsa sauka. Daga nan bango ke tsagewa tun daga kusurwar taga. Tafki kuwa, ko an cike shi, ruwan Agusta can zai nufa. Ruwa ne ya zubo da tsibin tarkacen kwal a kan makaranta a Aberfan ta Birtaniya a 1966, tsibin da aka tara bisa idon ruwa. Mutum 144 suka rasu, 116 yara ne.

In hanya ce, a fara kwashe baƙar lakar gindin tafkin. A shimfiɗa santimita 20 zuwa 30 kawai, kada wani dutse ya wuce biyu bisa uku na kaurin shimfiɗar. A yayyafa ruwa har in ka dunƙula a hannu ya riƙe, bai ɓata tafi ba. Injin daɓe mai girgiza ya bi ta kai har ɗakin gwaji ya tabbatar an kai kashi 95 cikin 100 na ma'aunin Proctor, wato iyakar daɓuwar da cikon ke kaiwa a gwaji, sannan a ƙara wata shimfiɗar. Gwajin CBR kuma, mai auna ƙarfin cikon wajen ɗaukar nauyi, sai bayan samfurin ya kwana 4 cikin ruwa. Sakamakon busasshe yaudara ne.

Abin da magina suka fi mantawa shi ne farar wuta. Tarkacen kwal kan ƙunshi wani ma'adini mai ƙyallin zinariya, haɗin ƙarfe da farar wuta. Iska da danshi na taɓa shi sai ya saki tsami da gishirin da ke cin siminti, ya kumbura daɓen ɗaki. A sa burji aƙalla santimita 50 tsakaninsa da kankare. Tsibin da aka bari sako-sako da kwal a ciki ma yakan kama wuta da kansa, daɓe mai kyau ne ke toshe masa iska.

Sannan ka lissafa man da za a sha a tafiyar fiye da kilomita 400, alhali ga burji da dutse kewaye da garin nan. In duk da haka kana so, a kai buhu mai kilo 50 ɗakin gwaji kafin a yi lodin mota ko ɗaya.

Wassalam,
Injiniyan ƙasa da hanyoyi, Damagaram