Anti, laifi ne don na sa ɗana namiji ya share ɗakinsa?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce tun ina amarya, yau dai nima abin ya zo kaina. Dan Allah a sakaya sunana.

A Kano nake aure, yarana uku, babban namiji ne shekararsa 11, mai bi masa mace 9, sai auta da nake goyo. Shi babban sunan marigayi baban maigidana ya ci, shi yasa Hajiya surukata ko sunansa bata faɗa sai dai tace "maigidana", kin dai san kaka da jika balle wanda ya ci sunan miji.

Da ya wuce shekara goma muka raba musu makwanci da ƙanwarsa kamar yadda addini ya ce, aka ba shi ɗan ɗakin da ke kusa da zaure. Anti ko sati biyu ba a yi ba ɗakin nan ya koma bola, yunifom a ƙasa, safa ɗaya a kan katifa ɗayar Allah kaɗai ya san inda take, kofin da ya sha koko a ƙarƙashin gado har ya yi funfuna, kullum da safe mai adaidaita na ta danna hon a ƙofar gida shi kuma yana neman takalmi ƙafa ɗaya ni ina ta masifa. Ranar da abin ya ishe ni ita ce ranar da na ɗaga tulin kayan dauɗa na tarar da littafin hadisinsa na Islamiyya a ƙasa, ƙwallo a kai. Nace to daga yau ba mai sake gyara maka.

Ba wani abu mai yawa na ɗora masa ba. In ya idar da sallar asuba ya naɗe gidan sauro, ya gyara shimfiɗa, ya share. Ran Asabar ya goge taga da tsumma saboda ƙurar hunturu. Na kafa masa ƙusa uku a bango, na siyo kwandon wanki, na ba shi kwalin taliya ya jera littattafai. Da farko tura sharar yake ƙarƙashin gado ya fito yana cewa ya gama, kuma wallahi abin da ya fi min wuya shine in danne zuciyata kar in karɓi tsintsiyar in yi da kaina, don sharar da zan yi a minti biyar shi sai ya kwashe rabin awa.

Amma na ga canji. Shi da kansa ya gano ledar alawa da ɓurɓushin biskit ne ke jawo masa tururuwa, ya daina ci a ɗakin ba tare da na hana ba. Biro da nake siya kusan duk sati yanzu sai ya ƙare ake siyan wani, ashe ba sacewa ake a makaranta ba, duk suna bayan katifa, guda bakwai ya zaƙulo. Ya fara korar ƙanwarsa in ta shigo masa da takalmi, wai bata san wahalar shara ba. Wata Asabar ya goge taga da safe, la'asar ta yi ya ga ƙura ta dawo, sai ya zo kicin ya tsaya yace "Umma ashe haka kike fama kullum?" Sai da na juya baya don kar ya ga idona.

Sai Hajiya ta zo mana kwana huɗu ganin likita. Da safe ta fito alwala ta gan shi a sunkuye da tsintsiya, ta saki salati ta fizge, wai namiji da shara ga ƙanwarsa ga uwarsa a zaune, so nake in mayar mata da miji mijin-ta-ce tun bai san aure ba. Ban ce komai ba sai haƙuri da na bayar. Abin da ya ɓata min rai Baban su ne, mutumin da ya yi makarantar kwana, da bakinsa yake ba mu labarin yadda suke shara da wankin banɗaki kafin a zo duba ɗakuna ran Asabar, har yau ya fi ni iya guga, in muna mu biyu yana yaba abin da nake yi, amma a gaban Hajiya cewa yayi "ki bar shi kawai tunda ta yi magana".

Tun da ta tafi in nace ya share sai yace Hajiya tace ba aikinsa ba ne, ya ƙwala wa ƙanwarsa kira. Ita kuma rannan ta tambaye ni me yasa ita za ta share tsakar gida ta yi wanke-wanke sannan ta gyara ɗakin Yaya shi yana wajen ƙwallo, na rasa amsar da zan ba ta. Na san Nana A'isha ta faɗa cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufafinsa da kansa, amma ni ina zan iya buɗe baki in ja wa surukata hadisi, ai sai a ce na yi mata rashin kunya.

Yayata tace in dinga ba shi naira 200 duk Asabar zai koma yi, ni kuma ina ganin ɗakin da shi ke kwana a ciki ba abin biya ba ne, ko na yi kuskure? Wata maƙociyata tace ya dinga yi in Hajiya bata nan, in ta zo a daina, to ba munafunci nake koya masa ba kenan? Ko in matsa wa Baban su ya yi mata magana, kuma ta wace hanya da ba za a ce ni na zuga shi ba?

Dan Allah Anti ki amsa min da wuri, don Hajiya ta ce a nan za ta yi azumi sai bayan sallah za ta koma.

Taki, wata uwa daga Kano.