Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi: A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare da ke ƙarƙashin ma'aikatarka. Na rubuto a fili ne domin takardun da na aike ta hannun shugaban makaranta sun shiga ofis, har yau shiru kake ji.

Ranar da aka ƙaddamar da ɗakunan kwamfuta, da bakinka ka yi alƙawarin cewa ɗalibi ba zai gama makaranta hannu rabbana ba, sai da sana'ar zamani. Ga shi namu ɗakin, ana tashi ake garƙama masa kwado. Ƙura ta kwanta a kan tebura har yatsa na barin shaida. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: awa biyu, sau biyu a mako, ɗalibai su yi gasar wasannin bidiyo a gaban malami. Sai ga takardar umarninku ta haramta kowane irin wasa a na'urorin makaranta, ba a tsaya raba aya da tsakuwa ba.

Yaran nan suna bugawa, mun so ko mun ƙi. A wayar yayyensu suke yi, da tsakar dare, ba mai dubawa. Umarninku bai raba su da wasa ba, malami kawai ya cire daga ciki.

Kafin a hana, mun yi zango guda muna gwada Rocket League, inda ake karawa uku da uku ana buga ƙwallo da motoci. Akwai yaron da bai taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba. Na same shi da takarda cike da alƙaluma, ya tattara sakamakon wasanninsu, ya fitar da matsakaicin ƙwallayen da ake zura musu, yana nuna wa abokansa cewa a mintin ƙarshe suke sakin jiki. Wata ɗaliba ko sau ɗaya ba ta buga ba, amma ita ta jona kwamfutocin da juna, kuma duk wadda ta katse, ita ke bin waya har ta gano inda matsalar take. Wasu biyu suna sharhi kai tsaye, wani yana tace bidiyo. Ranka ya daɗe, ba sana'ar da ka yi alƙawari ba ke nan?

Ba mu muka fara ba. Tun 2014 Jami'ar Robert Morris ta Chicago ta soma ba masu buga wasan bidiyo na League of Legends tallafin karatu. A 2016 makarantar Garnes ta Bergen a Norway ta sa gasar wasannin bidiyo cikin manhajar karatu. A 2020 aka fito da shaidar karatun sana'a ta BTEC ta wannan fanni a Ingila, har da tsara gasa da harkar kasuwancinta. A Wasannin Asiya na Hangzhou a 2023 kuwa, lambobin yabo aka raba a kansa.

Na san abin da kuke tsoro, ni ma uba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka, wato idan wasa ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatu da barci da mu'amala. Shi ya sa na gindaya sharuɗɗa a takardata: sai da yardar iyaye, wanda makinsa ya faɗi ya huta, babu caca, babu wasan da ya wuce shekarunsu, lokaci na cika a kashe na'ura. Kuma ba na ɓoye musu cewa waɗanda ke cin abinci da bugawa kaɗai ba su da yawa.

Batun wutar lantarki da intanet da horar da malamai, wannan sai wani jiƙon.

Don Allah a gyara umarnin nan kafin a koma hutu. A ba mu zango ɗaya na gwaji, a turo sufeto ya zauna da mu, ya duba rajistar halarta da makin yaran kafin mu fara da bayan mun gama. In bai ga amfani ba, da hannuna zan mayar da kwadon.

Naka,
Malamin kwamfuta