Ƙarfin kati yana ga abokan tafiyarsa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan Arkham Horror: The Card Game, wasan katin ban tsoro da kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya fitar a 2016, wanda muke bugawa da ƙannena a nan Zangon Kumasi. Babu caca a cikinsa, domin mutum 1 zuwa 4 ne suke haɗa kai su yaƙi wasan kansa.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne auna kati shi kaɗai. Yawanci ɗan wasa kati 30 yake zaɓa, ba ya wuce biyu daga iri ɗaya, kuma aiki 3 kawai yake da shi a kowane zagaye, saboda haka duk katin da bai biya kuɗinsa na cikin wasa da lokacinsa ba nauyi ne. Katin adda, alal misali, yana ƙara raunin da kake yi wa maƙiyi idan shi kaɗai ne ya riƙe ka, amma da zarar sun zama biyu sai ƙarin ya ɓace. Kuma hannu biyu ne ga kowa, don haka wanda ya cika katunansa da makamai ba shi da inda zai riƙe tocilar da ke sauƙaƙa neman alamu, wato bayanan da 'yan wasa suke tattarawa domin labarin wasan ya ci gaba.

A ganina, kafin a yaba kati, a fara tambayar abin da abokin zama ya ɗauko. Na taɓa ganin mun faɗi da mayaƙa biyu ƙarfafa, saboda babu mai tattara alamu a cikinmu.

Naku mai karatu,
Daga Zangon Kumasi