Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Manhajar Gane Abin Da Harbi Ya Taɓa

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda saƙonni uku da na aika wa sashenku na kula da masu saye ba su samu amsar da ta taɓa ainihin matsalar ba. Mu huɗu ne a nan Kumasi muke haɗa wani wasan waya a kan injin Unity 6, wato manhajar da ake gina wasanni da ita, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024, kuma shi ne injin da kuka rubuta a tallarku cewa manhajarku tana aiki da shi. Wasan namu labarin wani yaro ne mai danƙo da yake yawo a lungunan Zango, daga Aboabo zuwa Asawase, yana harbi da tsakuwa.

Abin da kuka yi alkawari shi ne cewa duk inda tsakuwa ta faɗa, manhajar za ta gane ko ƙarfe ne, ko katako, ko ƙasa, ta fitar da ƙara da alamar da suka dace. A aikace kuwa, nau'i ɗaya tak take bai wa abu sukutum. Gida a wasanmu yana da bangon laka, ƙofar katako da rufin kwano, duka a raga guda, wato siffa ɗaya da aka haɗa da ƙananan alwatikai, amma ko ina aka harba ƙura ce take tashi, har a kan kwanon. Wataƙila a wurinku wannan ƙaramin abu ne. Duk wanda ya girma a Zango ya san amon tsakuwa a kan kwano, domin da shi ake gane cewa yara sun fara ɓarna, kuma yaran unguwa da muka ba su wasan su gwada sun gano kuskuren a harbin farko, tun kafin mu ce uffan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, hanyar gyaran a fili take. Idan injin ya jefa layin bincike daga inda aka yi harbi, yana dawo da lambar alwatikar da layin ya taɓa, muddin kolaidar abin, wato iyakar da injin yake gane karo da ita, tana bin siffar ragar ce, ba akwati ko ƙwallo ba. Daga wannan lamba ana iya sanin sashen ragar da alwatikar take ciki, daga sashen kuma a san kayan da aka lulluɓe shi da su. Da na buɗe rubutun manhajarku, sai na tarar ba ku taɓa wannan lamba ba ko kaɗan. Lakabin da aka manna wa abin kawai kuke karantawa. Masu amfani da Unreal Engine, wani injin haɗa wasanni na daban, suna iya ƙayyade nau'in fuska har 62 a cikin injin kansa, kuma irin wannan sauƙin ne muka ɗauka kun kawo mana lokacin da muka canza sidinmu zuwa dala muka biya ku.

Shawarar da ma'aikacinku ya bayar, wato mu tsaga kowane gida gunduwa-gunduwa mu manna wa kowace lakabinta, ita ce wahalar da muka biya kuɗi don mu kauce mata, kuma tana ƙara wa waya nauyin zane. Mutanenmu ba manyan wayoyi suke riƙewa ba, yawancinsu Android ce mai ƙaramin ƙarfi.

A kan shimfiɗar ƙasa ma akwai damuwa. Inda jar ƙasa ta haɗu da siminti ko ciyawa, manhajar tana sake karanta taswirar cakuɗar fentin filin gaba ɗaya a kowane harbi, maimakon ta karanta sau ɗaya lokacin buɗe filin ta ajiye. Wasan da yake gudu a kan hoto 30 a daƙiƙa yana da kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ne kacal ga kowane hoto, shi ya sa da zarar yaro ya jera harbi sai wasan ya riƙa sarƙewa.

Saboda haka ina neman ku fitar da gyaran da zai gane kowane sashe na raga daban, ku kuma sanar da mu ranar da zai fito. Idan ba ku da niyyar yin haka, ku mayar mana da kuɗinmu, sannan ku cire wannan alkawari daga tallarku kafin wasu su saya a kan abin da suka karanta. Na haɗa gidan gwajin da hoton bidiyon harbin a saƙona na ƙarshe, suna nan a akwatinku.

Naku,
Mai haɗa wasannin waya,
Aboabo, Kumasi.