Jirgin fito mai sarƙa da Gulbin Maraɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni makaniki ne a Maraɗi, kuma duk damina raina na ɓaci in na ga mata da kaya a ka suna jiran gulbi ya janye. Shi ya sa tarihin kogin Clyde na Sikotilan ya tsaya mini a rai. Kogin maƙera jiragen ruwa ne, manyan jirage na kai da komo, amma a da mutane na fito a garuruwan Renfrew da Erskine da jirgi mai sarƙa. Sarƙar tana kwance a ƙasan ruwa, an ɗaure ta gaɓa da gaɓa. Injin tururi na cikin jirgin fiton ya ɗago ta, ta hau ƙafar ƙarfe mai juyawa tana jan jirgin, ta sake nutsewa a baya, babban jirgi ya wuce ta samanta. Igiyar ruwa ba ta iya karkatar da jirgin fiton.

Na Erskine ya tsaya a 1971 da aka buɗe gada, na Renfrew mai ɗaukar motoci a 1984.

Gulbinmu na damina ne, yashi ya yi masa yawa, injin ba zai biya ba. Amma kwalekwale mai bin igiyar ƙarfe, maƙeranmu za su iya. Ina roƙon magadan gari su gwada a mashigi ɗaya.

Wani makaniki, Maraɗi