Wasiƙa ga masu hawa jiragenmu a kwatar Yauri: daga bana ruwa ne zai ba da izinin tashi

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu mata masu kai kaya kasuwa, dillalan kifi da na albasa, da 'yan'uwa mazauna gungu. Muna gaishe ku, muna kuma gode muku da amanar rayuka da dukiya da kuke ba mu.

Mun rubuto ne don ku ji wani sauyi daga bakinmu kafin ku tarar da shi a kwata. Daga wannan damina, ba cikar jirgi ko ranar kasuwa ce za ta sa mu tashi ba. Mun kafa sandar awo a bakin ruwa, mun shafa mata fenti kala uku. Idan ruwa yana kan kore, za mu tashi kamar kullum. Idan ya kai ruwan ɗorawa, za mu rage mutane da kaya, kuma ba za mu ɗauki babur ko dabbobi tare da fasinja ba. Idan ya taɓa ja, jiragenmu suna ɗaure, ko da kuwa an riga an yi lodi. Ana karanta sandar bayan asuba da kuma bayan azahar, domin abin da ya fi damunmu shi ne saurin hawan ruwa tsakanin awon farko da na biyu. Ruwan da yake kan kore amma yana hawa da gaggawa ya fi ba matuƙi tsoro a kan wanda ya kwana uku a ruwan ɗorawa bai motsa ba.

Mun san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mana: ga gari garau, ko ɗigo ba a yi a Yauri ba, me zai hana tafiya? Ranku ya daɗe, ruwan Kwara ba na saman Yauri ba ne kaɗai. Sau biyu kogin nan yake kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da aka yi a ƙasar Sakkwato da Zamfara ne ke gangarowa ta Rima da gulbin Sakkwato, ya haɗu da wanda kogin Sirba da 'yan'uwansa suka zubo daga Burkina Faso sama da Yamai. In an buɗe madatsar Goronyo ko ta Bakolori, shi ma ta nan zai bi. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ɓata watanni yana yawo a fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso mana cikin hunturu, lokacin da kowa ya manta da damina. Shi ya sa mutum zai iya tashi cikin hazon Janairu ya tarar kogi a cike.

Saboda haka ba sandarmu kaɗai muke dubawa ba. Muna bin sanarwar NIHSA, hukumar da ke lura da yanayin ruwan kogunan Najeriya, wadda ke da tashar awo a Jidere Bode kusa da inda kogin ke shigowa Najeriya, muna kuma sauraron awon Yamai da Hukumar Raya Kogin Kwara ke fitarwa. A Yamai, idan ruwa ya kai santimita 620 an shiga matakin ja. A watan Satumban 2020 sai da ya kai 700, kuma manoman shinkafa na jihar Kebbi ba su manta abin da shekarar ta yi musu ba. Ruwan da ya wuce gadar Yamai yau, bayan 'yan kwanaki yana ƙarƙashin jirginmu. Wannan tazarar ita ce damar da Allah ya ba mu ta yin shiri.

Kada kuma a ɗauka cikar kogi ce kaɗai haɗari. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohuwar Busa da duwatsun da jirgin Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ya halaka a cikinsu a 1806. Itatuwan da ruwa ya binne ba su tafi ko'ina ba. Idan tafki ya ja baya a ƙarshen rani, kututturansu suna tsaye dab da saman ruwa, ba a ganinsu, kuma jirgin katako mai nauyin kaya idan ya hau ɗaya da gudu, tsagewa yake yi. Haɗarin Wara na ranar 26 ga Mayu 2021, wanda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, aka ceto ashirin da 'yan kai kawai, ba a tsakiyar damina ya faru ba. Allah ya jiƙansu da rahama. Don haka sandarmu tana da jan layi a ƙasa ma, kuma in ruwa ya sauka zuwa nan za mu bi doguwar hanya, a hankali, ko da za a makara.

Akwai maganar ruwa mai gudu a tsakanin duwatsu, musamman ga waɗanda a cikinku suke kai kaya ƙasan madatsa, wajen Awuru zuwa Jebba, inda ruwa kan tashi cikin ɗan lokaci idan an ƙara sakinsa. Ba jiragenmu za ku hau a can ba, amma ku namu ne. Inda kuka ga ruwa ya yi sumul ya tsuke yana nuna gangara, nan ce hanya. Inda ya kumbura ya yi tozo, kumfa na juyawa a bayansa, dutse ne a ƙasa. Idan launin ruwa ya sauya, ga kainuwa da itace da ciyawa suna tahowa da yawa, ruwa yana hawa ne, a nemi gaɓa.

In ƙaddara ta sa mutum ya faɗa irin wannan ruwa, kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, ko da ƙafarsa tana taɓa ƙasa. Ƙafa kan maƙale a tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ta baya, kuma ruwan da bai wuce ƙugu ba ya isa ya kashe ƙato ta wannan hanya. A kwanta rigingine, ƙafafu su fuskanci inda ruwa ya nufa don su riƙa dukan dutse maimakon kai, a riƙa tunkarar gaɓa a karkace, ba a yi gaba da gaba da ruwa ba. A guji bishiyar da ta faɗa cikin ruwa: ruwa yana wucewa ta cikin rassanta, mutum ba ya wucewa. Wanda ke kan tudu ya jefa igiya ko gora ko jarka a rufe, kada ya yi tsalle ya bi ɗan'uwansa.

Rigar kariya kuwa ba mu da sassauci a kanta. Dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, amma ko ba doka za mu sa ku saka. Wanda ya ce ya iya iyo tun yana yaro, mun yarda, sai dai babbar riga da ta sha ruwa ba ta san gwani ba. A ɗaure rigar da kyau, ba a rataya ta a kafaɗa ko a zauna a kanta ba. Iyayenmu mata, muna roƙonku da girman Allah ku sauke goyo kafin a tashi. Muna da ƙananan riguna na yara, za a sa wa yaro tasa ki riƙe shi a gaba.

Mun san ranar da muka ɗaure jirgi akwai mai albasar da za ta yi asara, akwai mai kifin da zai rasa kasuwa, mu ma ranar ba mu da ko sisi. Kuma za ku ga wani jirgin ya tashi a gabanku. Ba za mu hana kowa hawa ba, amma kada a matsa wa matuƙanmu, kada a ba su wani abu a gefe. Mun ba kowannensu ikon ƙin tashi, kuma ba za a cire masa komai a haƙƙinsa ba.

Wanda ya biya kuɗin jirgi aka fasa tafiya, za a mayar masa da kuɗinsa nan take, ko a ɗauke shi a jirgin farko da ruwa ya ba da hanya. Kayan da aka sauke za mu ajiye a rumfarmu kyauta har a tashi. Jirgin ƙarshe zai bar kwata da la'asar. Awon kowace rana za a rubuta shi a allon da ke jikin rumfa, kuma yaranmu za su karanta wa duk wanda ya tambaya.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Masu jiragen da matuƙansu, kwatar Yauri